Yawon Ƙafa a Birnin Lisbon

 

Da aka ce zan yi magana a kan yawon buɗe ido a tsofaffin biranen Turai, na san da yawa a cikinku Landan suka zata za mu, ko Faris, ko Rum. Ni kuwa Lisbon na zaɓa, babban birnin ƙasar Fotugal, can ƙurya ta yammacin Turai, inda kogin Tejo ke faɗawa Tekun Atlantika. Na zaɓe ta ne domin tarihinta ya taɓa mu ta inda ba mu cika waiwayawa ba. Musulmi sun mulke ta fiye da shekara 400. Daga gaɓarta jiragen ruwa suka riƙa gangarowa gefen Afirka ta Yamma, kuma sunan da duniya ta san Ikko da shi, wato Legas, daga bakin mutanen Fotugal ya fito. Sai dai allunan da aka kakkafa wa baƙi ba su cika faɗin wannan ɓangare ba. Wanda aka zagaya da shi a mota zai ga abin da birnin ya zaɓa ya nuna masa. Sauran kuwa sai mai tafiya a ƙasa, wanda ya ɗan yi karatu kafin ya fito, yake kuma da lokacin tsayawa.

Kafin mu ɗaga ƙafa, a san cewa Lisbon ba shimfiɗaɗɗen gari ba ne. Mutanenta na cewa a kan tudu bakwai take, ƙafar baƙo kuwa za ta rantse sun fi haka. Akwai ƙaramin taragon lantarki mai launin ɗorawa, mai lamba 28, wanda ke ratsa tsofaffin unguwanni yana ƙara kamar zai tarwatse. Kowa na son hotonsa, shi ya sa layin shigarsa yake da tsawo, cikinsa ya cika maƙil, 'yan yankan aljihu kuma sun san da haka. Akwai babura masu ƙafa uku da ke ɗaukar baƙi a kan kuɗi mai tsada. Ku bar su duka. Abin da kuke bukata shi ne takalmi mai riƙe ƙasa, domin daɓen gefen titunan Lisbon ba siminti ba ne. Ƙananan duwatsu ne farare da baƙaƙe, waɗanda ake sassaƙawa a jera ɗaya bayan ɗaya da hannu da guduma, a fitar da zane. Kyau kam akwai shi, amma sawun jama'a ya goge su sun yi sumul, idan aka yi yayyafi kuma santsi ne tsantsa. Mai takalmin fata na zuwa ɗaurin aure ya kuka da kansa.

Mu fara daga sama, daga gidan tsaro na São Jorge da ke kan tudun da ya fi kowanne kallon kogi. Daga nan za ku ga birnin a shimfiɗe: jajayen rufin gidaje suna gangarawa zuwa ruwa, kogin ya buɗe kamar teku, ga doguwar gadar ƙarfe da aka buɗe a 1966 can yamma. Da yawa daga cikin masu mulkin da suka riƙe garin nan a wannan tudu suka zauna. Rumawa sun zauna, sun bar gidan wasan kwaikwayo wanda ragowarsa ke ƙasa kaɗan, da ramukan da suke jiƙa kifi da gishiri, waɗanda yanzu suke ƙarƙashin ginin wani banki a tsakiyar gari. Wajen shekarar 714 rundunar Musulmi da ta ƙetaro daga Arewacin Afirka ta karɓi garin, ya zama yanki na Andalus, ana kiransa al-Ushbuna. Masanin ƙasa al-Idrisi, wanda ya kammala littafinsa a 1154, ya kawo labarin wasu samari takwas 'yan dangi ɗaya da suka tashi daga wannan gari cikin jirgi don su ga ƙarshen tekun da Larabawa ke kira Tekun Duhu, har aka sa wa wani titi sunansu. Ashe ɗokin sanin abin da ke bayan ruwan nan ya girmi matuƙan jirgin ruwan Fotugal irin su Vasco da Gama da ɗaruruwan shekaru.

A 1147 sarkin Fotugal na farko, Afonso Henriques, ya kewaye garin. Rundunarsa ita kaɗai ba za ta iya ba, sai ya tare wani ayarin jiragen mayaƙan Kirista daga Ingila da Jamus da Falandas waɗanda suka nufi yaƙin Ƙudus, ya yi musu alƙawarin ganima. Kusan wata huɗu ana abu ɗaya, daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Oktoba, har yunwa ta sa mutanen gari suka buɗe ƙofa. Labarin da wani daga cikin mayaƙan ya rubuta ya nuna cewa da suka shiga ba su bambanta kowa ba, har tsohon limamin Kiristocin da ke zaune a garin tun zamanin Musulmi sai da suka yanka. Musulmin da suka rage aka fitar da su bayan ganuwa, zuwa gangaren arewa, unguwar da har yau ake kira Mouraria. A 1170 sarkin ya ba su takardar izinin zama da addininsu bisa biyan haraji, suka zauna a haka har Disamban 1496, lokacin da Sarki Manuel na Ɗaya ya ba da doka cewa Yahudawa da Musulmi ko dai su karɓi Kiristanci ko su bar ƙasar.

Daga gidan tsaron sai ku gangara cikin Alfama. A nan ku ajiye taswira, domin ba za ta yi muku amfani ba. Lunguna ne masu lanƙwasa, wasu matakala ne kawai, wasu idan ka miƙa hannu biyu za ka taɓa bangon dama da na hagu, wani ya kai ka ɗan fili mai bishiya guda, wani ya ƙare a ƙofar gidan mutane. Duk wanda ya taɓa ɓata a lungunan cikin birnin Kano tsakanin Kurmi da Dala zai ji jikinsa ya gane tsarin, ko da idonsa bai gane ginin ba. Gari ne da ya tsiro bisa bukatar mazaunansa, ba wanda aka zana a takarda ba: ƙuncin hanya na kawo inuwa, lanƙwasa na karya iska, baƙo kuma ba ya shiga ba a gan shi ba. Kusa da wurin hangen da ake kira Portas do Sol akwai matakalar da ke bin gefen wani tsohon bango mai manyan duwatsu. Wannan ragowar ganuwar da ta kewaye garin ce a zamanin Musulmi. Dubban mutane na wucewa ta gefenta kullum suna neman inda za su ɗauki hoton kogi.

Ba zan ɓoye muku ba, Alfama tana zubar da mutanenta. Har yanzu za ku ga wanki a rataye a tagogi, ku ji ƙamshin kifin sadin a kan gawayi, musamman a watan Yuni lokacin bukukuwan gari, ku ji waƙar fado, waƙar bege da kewa da ta taso daga waɗannan unguwanni na talakawa, tana fitowa daga gidajen abinci da dare. Amma ku lura da ƙofofi. Da yawa an maƙala musu ƙaramin akwatin makulli mai lambobi, alamar an mai da gidan masaukin baƙi na kwana biyu ko uku. Mai gida ya ga abin da baƙo zai biya a mako ya fi abin da tsohuwar da ta shekara arba'in a ɗakin take biya a wata. Tsakanin ƙidayar 2011 da ta 2021, gundumar da ta haɗa Alfama da Mouraria da tsakiyar gari ta rasa fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mazaunanta. Mu masu zuwa kallo muna cikin dalilan wannan, ko mun so ko mun ƙi. Mafi ƙarancin abin da ya kamace mu shi ne mu rage murya, kada kuma mu ɗauki hoton dattijuwa a ƙofar gidanta ba da izininta ba.

A gangare za ku wuce babbar majami'ar garin, wadda aka fara ginawa bayan cin garin a 1147, a wurin da ake cewa babban masallaci yake. Tonon da aka yi a farfajiyarta ya fito da titin Rumawa da gine-ginen zamanin Musulmi, wani a kan wani. Ku ƙara gangarawa zuwa bakin kogi ku nemi wani tsohon wurin ɗiban ruwa mai suna Chafariz d'El-Rei. Yau a bushe yake, ba mai kula shi. A ƙarni na 16 kuwa nan ne mashayar gari, rigimar layi ta yi yawa har hukumar birni ta yi doka a 1551 ta raba bakunan famfon: wannan na bayi da baƙaƙe maza, wannan na baƙaƙen mata, wannan na fararen mata, da sauransu. Akwai wani zane na ƙarshen wannan ƙarni da ya nuna dandalin cike da baƙaƙen fata, masu tulu a ka, wani an kama shi ana ja, wani kuwa a kan doki da alkyabbar manyan mayaƙan sarki. Wani lissafi na wannan zamani ya nuna cewa a cikin mutum kusan 100,000 da ke Lisbon, kusan ɗaya cikin goma bawa ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tafiya kaɗan yamma, sai lunguna su ƙare kwatsam, ku tsinci kanku a wani makeken dandali mai kusurwa huɗu, gine-gine masu launin ɗorawa a gefe uku, kogi a na huɗu, mutum-mutumin Sarki José na Ɗaya bisa doki a tsakiya. Wannan shi ne Praça do Comércio. Bayansa tituna ne miƙaƙƙu sambal, gidaje tsayi ɗaya, tagogi iri ɗaya. Ƙafarku ce za ta fara gaya muku cewa wani abu ya faru tsakanin inda kuka fito da inda kuka shigo.

Ranar Asabar, 1 ga Nuwamban 1755, ranar babban idin Kiristoci ce ta tunawa da waliyyansu. Wajen ƙarfe tara da minti arba'in na safe, majami'u cike da mutane, kyandirori na ci, ƙasa ta motsa. Masana na yanzu suna ƙiyasta ƙarfin girgizar tsakanin maki 8.5 da 9, cibiyarta kuma a ƙarƙashin teku take, kudu maso yamma, har Maroko ta yi ɓarna. Rufin majami'u ya rufto kan masu ibada. Waɗanda suka tsira suka ruga bakin kogi, inda babu ginin da zai faɗo musu. Suna tsaye suka ga ruwa ya janye har ƙasan kogi ya bayyana, bayan kamar minti arba'in kuma ya dawo kamar bango ya share su. Sannan wuta ta tashi daga kyandirori da murhu, ta yi kwanaki tana ci. Mutum dubbai goma-goma suka halaka. Fadar sarki, wadda take daidai inda dandalin nan yake, ta tafi da ɗakin karatunta mai littafi kusan 70,000 da takardun tafiye-tafiyen teku masu yawa. Sarki José ya tsira ne domin yana Belem, can yamma da tsakiyar gari, a safiyar, amma tsoro bai sake shi ba: har ya mutu a 1777 bai ƙara yarda ya zauna a ginin dutse ba, a fadar katako ya ƙare a kan tudun Ajuda. Alfama, da yake a kan dutse take, ta sha da sauƙi in an kwatanta, shi ya sa lungunanta suka kawo yau.

Mutumin da ya riƙe ragamar al'amura shi ne ministan sarki, Sebastião José de Carvalho e Melo, wanda tarihi ya fi sani da Pombal. Ya sa aka loda gawarwaki a kwale-kwale aka nutsar a teku kafin annoba ta ɓarke, ya kafa wuraren rataya don masu wawaso, ya hana ƙarin farashin abinci. Sannan ya zauna da injiniyoyin soja, su Manuel da Maia da Eugénio dos Santos da Carlos Mardel, suka yanke shawarar share tsakiyar garin gaba ɗaya a sake zana shi. A cikin bangon kowane gida suka sa a ɗaura firam na katako mai gicciye-gicciye, kamar keji, domin idan ƙasa ta girgiza katakon ya lanƙwasa ya riƙe ginin maimakon ya karye. Ana ba da labarin cewa sojoji aka sa suka yi ta taka ƙasa a kewayen samfurin ginin don a gwada shi. Suka ɗaga katanga tsakanin gida da gida don tare wuta, suka yi magudanar ruwa a ƙarƙashin titi, suka raba titunan ga masu sana'a. Har yau za ku karanta a kusurwa: titin zinariya, titin azurfa, titin masu takalma, titin dukawa. Pombal ya kuma aika wa limaman majami'un ƙasar takardar tambayoyi: tsawon wane lokaci ƙasa ta yi tana motsi, ta wace fuska gine-gine suka faɗi, me ya faru da rijiyoyi da teku. Amsoshin suna nan a ajiye, kuma ana lissafa su cikin tushen ilimin girgizar ƙasa na zamani.

Wannan musiba ta girgiza tunanin Turai kamar yadda ta girgiza ƙasa. Masu wa'azi suka ce azaba ce saboda zunubin mutanen gari, masu shakka suka ce to me ya sa majami'u suka rushe wasu unguwannin masha'a suka tsaya. Marubucin Faransa Voltaire ya sa girgizar a cikin littafinsa Candide na 1759. Wani malamin coci, Gabriel Malagrida, ya wallafa cewa tuba ce magani ba gini ba, Pombal kuwa bai yafe masa ba, a 1761 aka kashe shi. Allah ya gafarta malamai, ku kuka fi ni sanin wannan babi, amma a fahimtata mu ba mu da wannan tsaka-mai-wuya. Imani da ƙaddara bai taɓa hana ɗaure raƙumi ba. Wanda ya ce a tuba bai yi ƙarya ba, wanda ya ce a sa katako a bango shi ma bai yi ba. Laifin shi ne a ce sai dai ɗaya. Kada kuma kyan titunan ya sa ku ɗauki Pombal waliyyi. Shi ne ya sa aka yi wa iyalan gidan Távora kisan gilla a bainar jama'a a 1759 bisa zargin yunƙurin kashe sarki. A 1761 ya hana shigo da sababbin bayi cikin Fotugal, abin da ake yawan yaba masa, alhali a daidai lokacin kamfanonin da ya kafa suna jigilar bayi daga Afirka zuwa Barazil, inda ake bukatar ƙarfinsu a gonaki.

Ku bi titin Augusta ku miƙe arewa, minti goma ya kai ku dandalin Rossio, inda aka shimfiɗa daɓen nan mai zanen igiyar ruwa a 1848 zuwa 1849, da hannun fursunonin da ake tsare da su a gidan tsaron da muka baro. A kusurwar arewa maso gabas akwai ƙaramin fili gaban majami'ar São Domingos. Ku shiga, ko na minti biyar ne. Gobara ta cinye cikinta a 1959, da aka zo gyara kuma sai aka bar ginshiƙan a ƙone, a farfashe, kamar jiya abin ya faru. A wannan majami'a ne, a watan Afrilun 1506, ana cikin fari da annoba, wata gardama a kan wani haske da aka ce mu'ujiza ce ta rikiɗe ta zama farautar Yahudawan da aka tilasta wa shiga Kiristanci. Wasu 'yan zuhudu suka zuga taro, cikin kwana uku aka kashe mutum wajen 2,000, aka ƙona da yawa a dandalin. Sai a 2008 aka kafa dutsen tunawa da su. Babban gidan wasan kwaikwayon da ke kallon Rossio kuwa, a wurinsa hedikwatar kotun coci mai binciken aƙida take, kotun da ta yi aiki daga 1536 har 1821.

A wannan fili dai za ku ga 'yan Afirka a tsaitsaye ana hira, galibi mutanen Gini Bisau, wasu da hula da doguwar riga, wasu sun baza goro da gyaɗa a gabansu. Ba jiya suka fara taruwa a nan ba: tun ƙarni na 16 baƙaƙen garin suke da ƙungiyarsu ta taimakon juna a wannan majami'a. Ku yi sallama, za a amsa muku. Ɗan shagon da za ku ga mutane sun yi layi suna karɓar wani jan abu a ƙaramin kofi, giya ce ta 'ya'yan itace, kada launin ya ruɗe ku. Idan yunwa ta taso ko lokacin salla ya yi, Mouraria na nan kusa. Ikon Allah, unguwar da aka kori Musulmi daga cikinta a 1496 yau cike take da 'yan Bangaladash da Fakistan, titin Benformoso kuma jere yake da gidajen abincin halal da ƙananan masallatai. Babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1985, yana da ɗan nisa, sai an hau jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Daga Rossio sai hawa kuma. Akwai wata hasumiyar ƙarfe mai ɗaga mutane sama, Santa Justa, tun 1902, amma layinta ya fi hawan tsawo. Ku bi ta titi, kyauta ne, ku iso Carmo. Nan majami'a ce da aka fara ginawa a 1389, girgizar ƙasa ta kwashe rufinta, aka bar ta haka: ginshiƙai da bakuna a tsaye, sama a buɗe. A ɗan dandalin da ke gabanta, mai inuwar bishiyoyi, mulkin kama-karya na shekara 48 ya ƙare. Ranar 25 ga Afrilun 1974 firaminista Marcelo Caetano, magajin tsohon firaminista Salazar, ya ɓuya a barikin da ke nan, wani matashin kyaftin, Salgueiro Maia, ya kewaye shi da motocin yaƙi, jama'a suka cika ko'ina har kan bishiyoyi, suna soka jajayen furanni a bakin bindigogin sojoji. Kafin dare gwamnati ta faɗi. Abin da ya kamata ɗan Afirka ya sani shi ne cewa waɗannan ƙananan hafsoshi sun gaji ne da yaƙin da ba ya ƙarewa a Angola da Gini Bisau da Mozambik, wanda aka faro tun 1961. 'Yancin da mutanen Lisbon ke murna da shi kowace shekara, wani ɓangarensa a dazukan Afirka aka biya kuɗinsa.

Unguwar Chiado da ke gaba ta 'yan gayu ce da marubuta. Akwai kantin littattafai na Bertrand, wanda aka kafa a 1732, ana kuma lissafa shi mafi daɗewa a duniya cikin waɗanda ba su daina aiki ba. Ku leƙa, ku sha gahawa, ku wuce, domin inda nake so in kai ku yana gaba.

Ku gangara yamma ta Calçada do Combro har ku iso wani titi da taragon nan mai lamba 28 ke bi ta cikinsa, mai shaguna da wuraren shan shayi kamar kowane titi. Ku ɗaga kai ku karanta sunansa: Rua do Poço dos Negros, wato titin rijiyar baƙaƙe. A 1515 Sarki Manuel ya rubuta wa hukumar birni cewa ana yar da gawarwakin bayi a juji a bayan gari ba a rufe su da kyau, karnuka na ci, wari na damun jama'a. Ya ba da umarni a haƙa rami mai zurfi a riƙa jefa su, ana zuba farar ƙasa mai ƙuna don su narke da wuri. Wasu masana na ganin sunan titin daga wasu 'yan zuhudu masu baƙaƙen riguna ya samo asali, amma takardar sarkin tana nan, ba mai musun ta. Tun 1444 aka yi babban cinikin bayi na farko a garin Lagos na kudancin Fotugal, mutum 235 aka raba a fili guda, uwa daban ɗa daban. Daga nan har ƙarni na 19, cikin mutum kusan miliyan 12 da rabi da aka ɗora a jirage aka ƙetara Atlantika da su, kusan rabi a jiragen Fotugal da Barazil suka tafi.

Akwai namu a ciki. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar daular Oyo, an gangara da kamammu da yawa daga ƙasar Hausa zuwa Ikko da Badagiri da Wida, aka sayar da su ga jiragen da ke zuwa Bahiya a Barazil, wadda take ƙarƙashin Fotugal har 1822. Takardun hukumar Bahiya sun ambaci Hausawa da sunansu a yunƙurin tawayen bayi na 1807 da na 1809 da na 1814. A babban tawayen Musulmi na 1835 a birnin Salbado, wanda Yarbawa suka fi yawa a cikinsa amma akwai Hausawa, an sami layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Gaskiya kuma ɗaya ce: Bature bai zo Katsina ko Zazzau ya kama su da hannunsa ba. Hannu da hannu aka miƙa su har bakin teku, hannuwan farko kuma irin namu ne. Wanda ya tsaya a titin nan yana zagin Fotugal kaɗai, rabin karatun ya yi.

Za a ce muku ba ku ga Lisbon ba sai kun je Belem, kilomita shida yamma da tsakiyar gari. Ku je, amma wata rana daban, kuma a tarago. Gidan 'yan zuhudu na Jerónimos, wanda aka fara a farkon ƙarni na 16 da harajin kayan yaji na Indiya, aikin sassaƙa ne da ya cancanci a tsaya a kalla, kabarin Vasco da Gama, wanda ya tashi daga wannan gaɓa a 1497, yana ciki. A bakin ruwa akwai ƙaton ginin tunawa da masu binciken teku, mai siffar gaban jirgi, wanda gwamnatin Salazar ta kafa a 1960, shekarar da Nijeriya da Nijar suka sami 'yancin kai. Mutum 33 aka sassaƙa a jikinsa, 'yan sarauta da matuƙa da malaman coci da marubuta, babu ko ɗaya daga cikin waɗanda aka ɗauko a cikin jiragen. Taswirar da ke shimfiɗe a gabansa kyauta ce daga gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. A 2017 mazauna Lisbon suka kaɗa ƙuri'a a gina wurin tunawa da bayi a bakin kogi, aka zaɓi zanen wani ɗan Angola, Kiluanji Kia Henda, sannan aka yi shekaru ana jan ƙafa.

Saboda haka, 'yan'uwa, wanda Allah ya kai shi Lisbon cikinku, don karatu ko taro ko kasuwanci, ya ware yini guda ya yi wannan tafiya daga São Jorge zuwa Poço dos Negros. Ya fito da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya riƙe ruwan sha, ya sa jakarsa a gaba. Idan ya iso titin ƙarshe, ya tsaya ya yi addu'a ga waɗanda aka jefa a ramin nan ba wanka ba salla, domin akwai Musulmi a cikin bayin garin. Ɗalibanmu na tarihi kuma, ina roƙonku wasu su koyi harshen Fotugal. Takardun da suka ambaci kakanninmu suna jibge a ɗakunan ajiya na Lisbon da Bahiya, masu karanta su daga cikinmu kuwa ba su da yawa.